Ɗiyata, Kada Kunya Ta Rufe Miki Baki

Ɗiyata, labarin alheri ya iso mini. Allah ya raba lafiya, ya sa mai albarka ne. Na san ba za ki so a yi wannan zance a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto miki. Ki karanta a ɗakinki, sannan ki miƙa wa maigidanki, don akwai nasa kason a ciki.

Mu muka rene ku da kunya, kuma muna alfahari da hakan. Ita ke hana yarinya ɗaga murya a gaban surukai, ita ke sa uwa ta ƙi kama sunan ɗanta na fari. Amma akwai wata kunyar da na daɗe ina ganin ɓarnarta a ɗakin haihuwa. Ita ce mai sa mai cikin fari ta ɓoye ciki har sai ya fito ya tona kansa, ta ga jini ta yi shiru, ta kwana tana naƙuda tana cije leɓe don kada a ce raguwa ce. Wannan kunyar nake roƙonki ki ajiye ta har ki yi arba'in.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Wato cikin kowace mace huɗu da suka rasu ta wannan hanya a duniya, fiye da ɗaya tamu ce. Ban kawo miki wannan don in tsorata ki ba. Na kawo shi ne don abubuwan da ke ɗauke su sanannu ne, ba su kuma da yawa: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa. Kowannensu akwai maganinsa a nan cikin birnin Katsina. Abin da ya fi cutar mu shi ne a kai mace a makare. Kwana idan ya ƙare babu mai ƙara shi, wannan mun yi imani da shi, amma addinin da ya koya mana haka shi ya umarce mu da neman magani.

Ki fara zuwa awo kafin cikin ya cika wata uku. Da ana cewa zuwa huɗu ya wadatar, amma tun 2016 hukumar ta mayar da shi takwas, saboda yawancin matsaloli a watannin ƙarshe suke ɓullowa, kuma sai ana dubawa a kai a kai ake kama su. Ga Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'adua, ga Babban Asibitin Katsina, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya wanda muka saba kira FMC, ga kuma ƙananan asibitocin unguwanni. Ki zaɓi wanda za ki iya kaiwa cikin dare ba da wahala ba. Na san akwai layi, na san wata ma'aikaciyar bakinta da kaifi, kuma ba na ba ta gaskiya a kan haka. Ki daure, abin da kika je nema ya fi ƙarfin ɓacin ran yini guda.

Idan an ɗaura miki abin awon jini a hannu, kada ki tashi sai kin tambaya, "Nawa ne yau?" Lamba biyu ce. Idan ta kai 140 bisa 90, hawan jini ne, sai an sa miki ido. Za a duba fitsari, a duba yawan jininki, a duba rukuninsa. Idan aka ce rukuninki mai alamar ragi ne, ki riƙe wannan da kyau, don akwai allurar da ake yi cikin kwana uku bayan haihuwa wadda ke kare cikin da zai biyo baya. Za a gwada sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta. Kada ki ji an raina ki, kowa ake yi wa, kuma idan an gano da wuri ana iya kare jariri. Katin da za a ba ki kuwa, ya zauna a jakarki duk inda za ki.

Za a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini, ki sha kullum. Za ki ji ana cewa suna sa ɗa ya yi ƙato har ya gagara fita. Ba haka ba ne. Jinin mai ciki yakan tsinke saboda mutum biyu yake ciyarwa, kuma kowace haihuwa sai ta ci jini. Mai isasshen jini takan zubar ta miƙe, amma wadda ta zo da fararen idanu da farin tafin hannu, ɗan abin da za ta zubar ya isa ya kayar da ita. Idan ƙwayoyin na tayar miki da zuciya, ki sha bayan kin ci abinci ko lokacin kwanciya. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne. Kada dai ki kora su da shayi, don shayi na hana jiki ɗaukar amfaninsu; lemo ko gwaba sun fi dacewa. Abinci kuma ba sai na masu kuɗi ba. Kwaɗon zogale da ƙuli, wake, alayyafo, rama, fura da nono mai tsabta wanda aka dafa, ƙwai, kifi, nama idan ya samu. Masu hana mai ciki ƙwai ba su da hujja. Idan kin ji kwaɗayin farar ƙasa ya dame ki, ki faɗa a wurin awo, sau da yawa ƙarancin jini ne ke magana.

Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta ga mai cikin fari. Yana shan jinin uwa, yana taruwa a mabiyiya ya hana ɗa girma, yakan kuma jawo ɓari ko bakwaini. Daga wata na huɗu za a riƙa ba ki Fansidar a wurin awo, wata-wata, aƙalla sau uku. Gidan sauro kuma kowane dare, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Idan jikinki ya yi zafi, ki je a gwada, kada ki aiki yaro kemis ya haɗo miki magani. Allurar rigakafin sarƙe-haƙora ma ki karɓa, sau biyu a cikin fari da tazarar wata guda, don ita ke kare jariri a kwanakinsa na farko.

Idan azumi ya riske ki da ciki, ki tambayi likita, ki tambayi malami. Shari'a ta sauƙaƙe wa mai cikin da ke jin tsoron cutuwa ta sha ta rama daga baya. Azumin bazara a Katsina ba ƙaramin abu ba ne ko ga mai lafiya.

Za a kawo miki jiƙe-jiƙe, a ce maganin zaƙi ne, don kada zaƙi ya tare hanya. Masu kawowa masoyanki ne, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, amma ki san cewa babu wanda ya auna ƙarfin abin da ke cikin ƙwaryar, kuma wasu saiwoyin na sa mahaifa ta matse fiye da kima. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne allurar naƙuda da wasu ke kiran mai kemis ya yi a gida don a gaggauta. A asibiti ma da ƙarin ruwa ake sa ta, ɗigo-ɗigo, ana sauraron bugun zuciyar ɗa. A soka ta gaba ɗaya a gida na iya fasa mahaifa. Addu'a kuwa ki yawaita, ita ba ta karo da kowane magani.

Yanzu ki natsu ki ji wannan. Idan ciki ya haura wata biyar kika ji ciwon kai mai tsanani wanda ba ya sauka, ko ganinki ya yi hazo-hazo, ko kina ganin walƙiya, ko fuska da hannuwa suka kumbura har zobe ya ƙi fita, ko ciwo ya tokare ki a ƙahon zuci, to jijjiga ce ke sallama. Kada ki jira ranar awo, kada ki jira gari ya waye. Mutanenmu idan suka ga mai ciki ta faɗi tana taune-taune, sai a ce iska ce, a kawo turare, a tura cokali a baki, a zauna ana jiran ta farfaɗo. Hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. A kwantar da ita ta gefen hagu, kada a sa mata komai a baki, a ɗauke ta nan take. Akwai allura a asibiti mai tsayar da jijjigar, ba ta da tsada, amma ba ta aiki ga wadda ba a kawo ba. Haka nan jini ko kaɗan ne, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko kika ji motsin ɗa ya ragu a kan yadda kika saba. Duk waɗannan na faɗa ne da baki, da babbar murya, ko da surukinki ne kaɗai a gidan.

Kin san Babbar Ruga, can kan hanyar Batsari. Asibitin kutare ne a da. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, sai ya tarar da wata cutar da mata ke ɓoyewa, yoyon fitsari. Ya fara yi musu aiki a 1984, ya ɗinke dubbai, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Ina so ki san yadda mace ke kaiwa can, don da yawansu 'yan cikin fari ne kamarki. Kan ɗa ne ke sauka ya maƙale a ƙugu, ya danne mafitsara a jikin ƙashi. Naman da aka danne yini da kwana jini ba ya isa gare shi, sai ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓare ya bar rami. Yawanci ɗan ma ba ya zuwa da rai. Ga rashin ɗa, ga fitsari na bin ƙafa dare da rana, wata har miji ya guje ta. Wasu kuma yankan gishiri ne ya kai su, lokacin da aka ga haihuwa ta ƙi aka sa aska don a buɗe hanya, alhali ƙashi ne ya tare, aska kuwa ba ta da abin yi da ƙashi. Waɗannan mata ba ragwaye ba ne. Haƙurinsu ne ya yi yawa, na kusa da su kuma suka yi ta cewa a ƙara jira.

Don haka da zarar naƙuda ta kankama, ki faɗa, a tafi. Naƙudar da ta fara da asuba har aka kira magariba ba a sauka ba, ta wuce ƙa'ida, ko a ina kike. Idan likita ya ce sai an yi aiki, kada a tsaya kiran dangi ɗaya bayan ɗaya ana neman ra'ayi. Wadda aka yi wa aiki ta haihu, uwa ce cikakkiya, ɗanta kuma ɗa ne. Abin da ya rage mata shi ne duk haihuwar da za ta biyo baya ta yi ta a babban asibiti.

Kai kuma ɗana, mijinta, ga naka. Ka ba ta izini tun yau, ka faɗe shi a gaban mahaifiyarka da duk wanda ke gidan: duk lokacin da ta ga alama, a kai ta asibiti ko kana nan ko ba ka nan. Mata da yawa sun galabaita a tsakar gida ana ta neman miji a waya, yana kasuwar Jibiya ko yana hanyar Kano. Na ga kana lissafin rago da goro da atamfar fitar suna. Madalla, amma ka fara ware kuɗin asibiti, ka ajiye su inda hannunta zai kai. Ka yi magana da mai mota ko mai napep na unguwa wanda zai amsa kira ƙarfe biyu na dare, ka karɓi lambar wani na biyu. Ka nemi mutum biyu cikin 'yan'uwa ko abokai waɗanda jininsu ya dace da nata, su san da zancen tun yanzu. Neman jini a daren da ake buƙatarsa shi ne abin da ya fi cinye lokaci. Sannan ka rage mata aiki. Daka da jan ruwa da surfe ba su ne ke kawo sauƙin haihuwa ba. Tafiyar ƙafa a hankali da yamma ta ishe ta.

Idan za ta goyon ciki gidan iyayenta, ku duba nisan gidan da asibitin da ake yin aiki da ƙarin jini. Kun san halin da wasu hanyoyinmu ke ciki da dare. Idan garin da nisa, ya fi kyau mahaifiyarta ta zo birni ta zauna da ita, bayan an sauka lafiya a tafi wankan gida. Al'ada ba ta ɓaci ba don an sauya mata lokaci.

Ɗiyata, daga wata takwas jakarki ta zama a ɗaure: zannuwa wankakku, audugar mata, sabulu, kayan jariri da hula, da katinki a sama.

Sa'o'in farko bayan ɗa ya faɗo su ne mafi haɗari gare ki, daidai lokacin da kowa ya juya yana kallon jariri ana barka. A asibiti ana yin allura nan take don mahaifa ta tsuke. Jinin da ya wuce rabin lita, wato cikin ledar fiyawata guda, ya yi yawa, kuma zubar jini na iya gamawa da mace cikin sa'a biyu. Idan kin ji yana bin jikinki, ko kina jiƙa ƙunzugu bayan ƙunzugu, ko jiri na ɗibarki, ki kira ma'aikaciya da ƙarfi. Idan haihuwa ta zo miki a gida ba shiri, kada a ja cibiya don mabiyiya ta fito, kuma ko komai ya tafi daidai a je asibiti a ranar. Kada ki matsa a sallame ki kafin ki yi kwana guda.

Jariri kuma a goge shi a ɗora miki a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe ku tare. Wanka ya jira sai washegari, don sanyi na saurin kama shi, balle da hunturu. Ki sa shi a nono cikin sa'ar farko. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da ake matsewa a zubar, a ce nono bai gyaru ba, shi ne ya fi kowane nono amfani, don yana ɗauke da kariyar da jikinki ya tara. Tsotson ma na taimaka wa mahaifa ta tsuke. Daga nan nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ko a zafin Afrilu. Ruwan da yake buƙata na cikin nonon. Ke za ki yawaita sha.

Cibiya a bar ta da maganin shafawa da ake bayarwa a asibiti. Ba toka, ba man goge baki, ba gashi da tsumma mai zafi. Ta nan sarƙe-haƙora da sauran cututtuka ke shiga. Wanzami ya yi askin suna da sabuwar reza, amma a bar wa yaro belinsa, Allah bai halicce shi a banza ba, kuma cire shi na jawo zubar jini da ƙin kama nono. Kafin ku bar asibiti a yi masa rigakafin tarin fuka da na ciwon hanta, a ɗiga masa na shan-inna, sai kuma idan ya cika mako shida. Ki riƙa duba idanunsa da hasken rana. Idan sun yi ɗorawa, shawara ce, kuma idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan sukari ba ya maganinta, akwai fitila ta musamman da ake sa shi ƙarƙashinta. Ki raba kayansa da kafur, don wasu jariran ƙamshinsa kaɗai na fasa musu jini. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yake numfashi da sauri, ba a jira da shi sai bayan suna.

Saura 'yan'uwana tsofaffi masu wankan jego. Ba na cewa a daina. Kwana arba'in ɗin nan da mace ke hutawa, ana dafa mata, ana riƙe mata ɗa, gata ne da matan ƙasashe da yawa ba su samu ba. Amma tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke kasawa, suka zargi yawan kunun kanwa da tsananin zafi, har da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai hannun hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ma yaya ne, kanwa danginta ɗaya da gishiri, tana tara ruwa a jiki, kuma wadda ta yi hawan jini da ciki ba ta da abin yi da ita. A yi kunun gero ko na gyaɗa, a ba ta ƙauri da romo, a sirka ruwan wanka yadda ba zai sale fata ba. Wadda aka yi wa aiki ko ɗinki a bi abin da likita ya ce. Idan mai jego ta fara haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari da dare, ƙafafu sun kumbura, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. Zuciya ce, a kai ta asibiti. Haka idan zazzaɓi ya rufe ta ko jinin biƙi ya yi wari.

Akwai kuma mai jegon da za ku ga ta yi shiru, tana kuka ba dalili, ba ta barci ko da ɗan ya yi barci, ba ta marmarin ɗaukarsa. Kada a yi mata faɗa a ce ba ta gode wa Allah ba. Ciwo ne da ke zuwa bayan haihuwa, likitoci sun san shi, kuma yana warkewa. Ɗiyata, idan kin ji haka a ranki, ki faɗa wa wadda kika yarda da ita, ko ki aiko mini.

Idan kin yi arba'in, kafin ki fara yawon gaishe-gaishe, ki koma asibiti a duba jininki da hawansa, kusan lokacin ne kuma na rigakafin yaro. A nan ne za ki yi zancen tazara. Jikin da ya haihu na buƙatar kamar shekara biyu kafin wani cikin, wanda ya yi daidai da lokacin shayarwa da muka gada. Kwanika na cinye jinin uwa, ta kuma sa a yaye na goye ba shiri. Ku tattauna ke da maigidanki tun kafin ranar, idan da hali ya raka ki, ku ji bayanin hanyoyin da ake da su daga bakin ma'aikaciya, ku zaɓi wadda ta dace da ku.